Birkin Mini ta tsere: faifai 7.5 da wili inci 10, ko 8.4 da wili inci 12?

Sadiq: Assalamu alaikum iyayen gida. Shawara nake nema kan birki. Motar Mini ce ƙirar 1972, an cire ƙaramin injinta an ɗora inji mai cc 1275, an kwashe kujerun baya da kafet, an saka ƙarfen kariya a ciki. Birkinta har yanzu diram ne gaba da baya, inci 7, layin mai guda ɗaya, babu busta (na'urar da ke taimaka wa ƙafa wajen danna birki), wili inci 10. Tseren gajeren fili za a yi da ita, zagaye goma zuwa goma sha biyar, kuma ba za ta riƙa hawa titi ba, ɗaukarta za a riƙa yi daga Agege. Zaɓi biyu ne a gabana: faifan birki (disc) na Cooper S, wato samfurin Mini mai ƙarfi, mai inci 7.5 in bar wilina, ko faifai 8.4 in koma wili 12. Wasu ma na cewa in tafi kai tsaye ga kalifa (abin da ke matse faifan birki) mai fistin huɗu ta motar Metro. Wanne ne daidai?

Alhaji Tanimu: Wa alaikumus salam. 8.4, ɗana, kada ka wahalar da kanka. Kamfanin da kansa ya koma shi tun 1984 a kan duk Mini, har aka daina ƙera motar a 2000. Ma'anarsa kayansa sun fi yawa, sun fi araha, ƙarfen ya fi nauyi don haka ya fi jure zafi. A ƙasar da sai an yi odar komai daga Ingila, abin da ya fi sauƙin samu shi ne abin saya.

Injiniya Bala: Alhaji, ranka ya daɗe, maganar araha gaskiya ce, amma bari mu auna bambancin kafin Sadiq ya sayar da wilinsa.

Faifai 7.5 milimita 190 ne, 8.4 kuma 213. In ka tsaya nan sai ka ce an samu ƙarin kashi 12 cikin ɗari. To amma birki ba da faifai kaɗai yake aiki ba, da taya yake kokawa. Taya 165/70 a wili 10 tsayinta kusan milimita 485 ne, 165/60 a wili 12 kuma kusan 503. Tayar ta ƙara tsayi, don haka ta cinye wani ɓangare na ribar. In ka raba faifai da tsayin taya, 0.39 ne da 0.42, wato kashi 8 ke nan. Sauran ƙarfin da ake ji a 8.4 daga fistin kalifarsa yake fitowa: inci 2 ne, na Cooper S kuma inci 1.75, faɗin fuskarsa ya fi da kusan kashi 30.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: 7.5 na iya kulle tayar gaba a busasshiyar kwalta? Yana iya wa, da fad (abin da kalifa ke dannawa a jikin faifai) mai kyau, a motar da ba ta wuce kilo 750 har da direba ba. Duk birkin da ya iya kulle taya ya kai ƙarshen abin da taya za ta iya bayarwa. Ƙarin girma ba zai rage tazarar tsayawa ba ko da taku ɗaya. Abin da girma ke saya maka shi ne juriyar zafi kawai.

Alhaji Tanimu: To ai zafin nake magana, Injiniya. Legas ba Ingila ba ce.

Injiniya Bala: Haka ne, sai dai zafin gari ba shi ne matsalar ba. Bambancin digiri 15 da digiri 33 ba komai ba ne ga faifan da ke aiki a digiri 400 zuwa 500. Ga lissafin: mota mai kilo 750 ta sauko daga kilomita 140 a awa zuwa 60 a bakin kwana, makamashin da ya zama zafi kusan kilojul 460 ne. A ce kashi 80 ya tafi gaba, kowane faifai ya sha kusan 185. In muka ƙaddara faifan kilo biyu da rabi ne na zubin ƙarfe, taka birki guda ɗaya zai ɗaga zafinsa da kimanin digiri 160. Abin dubawa shi ne ko zai huce kafin kwana ta gaba. A fili mai doguwar miƙaƙƙiyar hanya yana hucewa. A ƙaramin fili mai kwana a kan kwana, zafin taruwa yake yi zagaye bayan zagaye. Nan ne maganar Alhaji take da ƙarfi. Amma maganin farko iska ce da fad da man birki, ba sauya wili ba.

Hajiya Binta: Kafin ku yi nisa da lissafi, Sadiq, ka karanta dokar ajin da za ka shiga? In masu shirya tseren suna bin tsarin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, na tsofaffin motoci, wanda ake kira Appendix K, dole birki ya kasance irin na zamanin motar. Mini a wannan tsari faifai 7.5 ce da wili 10, babu kalifar alminiyam mai fistin huɗu. In kuwa buɗaɗɗen aji ne, ka saka abin da ka ga dama. Ka samu amsar a rubuce kafin ka tura kuɗi waje, don mayar da kaya Ingila ya fi sayensu ciwo.

Sannan a tuna cewa Cooper S da wili 10 ta ci gasar Monte Carlo a 1964, 1965 da 1967, kuma ajin Mini Miglia na Ingila har yau a wili 10 suke gudu.

Sadiq: Hajiya, buɗaɗɗe ne, na tambaya. Sharaɗinsu birki ya kama ƙafa huɗu kuma kada ya yi yoyo. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da wili 10, motar ta fi zama ƙasa.

Oga Danlami: To ka tsaya a 7.5, amma ka san ba faifai da kalifa kaɗai za ka saya ba. Mutane da yawa nan suke faɗawa rami. Ƙafar gaba ta diram daban take da ta faifai. Za ka canza hob gaba ɗaya, da kan shaf na waje wanda ya fi na diram girma, da farantin da wili ke zama a kai, da boris irin mai tsini biyu-biyu, da babban noti da zoben da ke bayansa. Farantin 7.5 ba ɗaya yake da na 8.4 ba, kada wani ya haɗa maka gauraye ya ce duk Mini ce.

Ɗaure babban notin nan shi ne inda aiki ke lalacewa. Zoben da ke bayansa tsagagge ne mai siffar mazurari. In ka ɗaure da shi tun farko, zai damƙe shaf kafin boris ya zauna, sifana ta nuna maka ya ɗauru alhali akwai sauran wasa a ciki. Yadda ake yi: ka saka washa mai kauri shimfiɗaɗɗiya a madadin zoben, ka ɗaure har ƙarfin da littafi ya ce don komai ya zauna, ka kwance, ka cire washar, ka saka zoben, ka sake ɗaurewa. Ƙarfin ɗaurin shaf mai ramuka biyu na fin kulle noti 150 lb-ft ne, kusan 203 Nm. Mai rami ɗaya ya fi haka, 255 zuwa 270 Nm. In ramin fin bai daidaita ba, gaba ake ƙarawa, ba a komawa baya.

Me ya haɗa wannan da birki? Boris mai wasa yana barin faifai ya karkata a kwana, ya tura fistin ya koma ciki. Ka fito daga kwana, ka zo ta gaba, ka taka, feda ta tafi rabi babu komai, sai a taku na biyu ta kama. Mutum ya yi ta fitar da iska kwana uku yana zagin masta, wato famfon man birki da feda ke dannawa, alhali boris ne.

Sadiq: Oga, wannan ban taɓa ji ba. Baya fa? In bar diram ɗin yadda yake?

Oga Danlami: Diram ya ishe ka a baya, har ya yi yawa. Abin da za ka canza silindar cikinsa ce. Kuma faifai na tura wilin gaba waje kaɗan, shi ya sa diram ɗin baya na Cooper S yake da tudu a jikinsa don ƙafafun su daidaita. Ka sayi irinsa tare da dogayen kusoshin wili. In kuɗi ya bari, akwai na alminiyam mai haƙarƙari irin Minifin, ya fi sauƙin nauyi.

Injiniya Bala: Nan ne ainihin maganar take, Sadiq, ba a girman faifai ba. Mini tana tsaye ma kusan kashi 60 na nauyinta ko fiye a gaba yake. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya milimita 2036 ne kacal. A ƙaddara tsakiyar nauyinta na milimita 450 daga ƙasa. In ka taka birki da ƙarfin 0.9g, wato ƙarfin tsayawa ya kai kashi 90 na nauyin motar, nauyin da ke komawa gaba shi ne 0.9 sau 450 a raba da 2036, kusan kashi 20. Gaba ya zama 80, baya 20. Kai kuma ka kwashe kujerun baya, don haka bayan naka ya fi haka sauƙi. Taya biyu masu ɗauke da kilo 150 tsakaninsu ba sa buƙatar matsi mai yawa kafin su kulle.

In gaba ya kulle, mota ta miƙe ta ƙi shan kwana, ka ɗan saki feda ta dawo hannunka. In baya ya fara kullewa, gindin motar zai zagayo ya wuce kanta kafin ka gama juya sitiyari, saboda gajarta. Don haka doka ɗaya ce: gaba ya riga baya kullewa, ko yaushe.

Ka cire silindar baya ka auna. Mai yiwuwa inci 3/4 za ka samu. Faɗin fuskar fistinta murabba'in milimita 285 ne. Ta 5/8, wadda Cooper S ta yi amfani da ita, 198 ce, wato kashi 69 na ƙarfin waccan. Ta 1/2 kuwa 127 ce, kashi 44. Ga motarka 5/8 ce wurin farawa. In har baya na kullewa bayan ka daidaita bawul ɗin rage matsin baya, ka sauko 1/2.

Alhaji Tanimu: Ni ban yarda da 1/2 ba. In ka kashe baya gaba ɗaya, ka ɗora wa ƙaramin faifan nan duk aikin, ga zafin da muke gudu. Kuma ran da aka yi ruwa, wanda a garin nan ba sai an yi addu'a ba, lissafin canzawa yake.

Injiniya Bala: Wannan gaskiya ne, na sallama. A jiƙaƙƙiyar kwalta in taya ba ta ba da fiye da 0.5g ba, nauyin da ke komawa gaba kashi 11 ne kawai, baya na riƙe da kusan 29. Yana iya ɗaukar aiki fiye da na lokacin rani. Shi ya sa bawul mai juyawa da hannu ya fi ƙaramar silinda amfani: 5/8 da bawul irin na Wilwood ko Tilton a layin baya, kusa da hannun direba. Na Wilwood yana rage matsi har kashi 57. Ka tuna ragewa kawai yake yi, ba ya ƙarawa.

Oga Danlami: Kuma a cire tsohon bawul ɗin da ke kan ƙarfen ƙafar baya. Kada a jera biyu a layi ɗaya, ba za ka taɓa sanin wanne ke aiki ba. Na motar 1972 ma da wuya in bai ci tsatsa ya daskare ba.

Malam Garba: Sadiq ya ce layi ɗaya ne, kuma ba wanda ya ce uffan. Layi ɗaya ma'anarsa tiyo guda ya fashe, ƙafa huɗu sun tafi, sai hambirki da salati. A motar tsere ban ga dalilin barin haka ba tunda doka ba ta tilasta ba. Hanya biyu ce. Mai sauƙi: masta mai ɗaki biyu ta Mini ta baya-bayan nan, mai zoben roba rawaya a wuya, lambarta GMC227, gaba daban baya daban. Mai tsada: akwatin feda mai masta biyu da sandar rabo a tsakani, inda kake juya rabon gaba da baya da ɗan maɓalli. Na biyun ya fi daidaito, amma sai wanda ya iya saita shi. In sandar ta karkace fiye da kima ko ta taɓa jikin bututunta, rabon canzawa yake a tsakiyar taku. Ga mai farawa, na farkon da bawul ya wadatar.

Hajiya Binta: A lura da zaren noti wajen oda. Tsofaffin Mini zaren inci ne, 3/8 UNF, mastar baya-bayan nan kuma zaren mita ne. Notin 3/8 yana shiga ramin M10 ya yi kamar ya kama, sai an taka da ƙarfi ya tsinke zaren. A gwada kowane noti da yatsa: in yana rawa kafin ya kai ƙarshe, ba nasa ba ne.

Sadiq: Wani ya ce in saka masta mai faɗi don birki ya ƙara ƙarfi. Da busta kuma.

Injiniya Bala: Akasin haka ne. Matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗi. A ce ƙafarka ta danna da nauyin kilo 40, feda ta ninka shi sau huɗu, misali. A masta mai inci 0.70, wadda ita ce ta Cooper S, za ka samu matsin kusan bar 63. A mai inci 0.75, da ƙafar nan dai, kusan bar 55. Babbar masta tana ba ka feda gajeriya mai tauri, amma sai ka ƙara ƙarfin ƙafa. Ƙarama tana ba ka matsi, amma feda ta yi tsawo. Da kalifar 7.5, ka zauna kusa da 0.70.

Wannan lissafin ne ma ke warware maganar Metro. Fistin ɗinta milimita 36 ne, biyu a kowane gefe, jimlar faɗinsu kusan ɗaya yake da fistin guda na inci 2. Ba ta matsa faifai fiye da kalifar 8.4 ta gama-gari ba. Ribarta doguwar fad ce da ke cinyewa daidai, da damar saka faifai mai ramukan iska a tsakiya. Farashinta nauyi ne a ƙafa, kuma ba ta shiga wili 10 yadda take.

Busta kuwa ƙafarka take taimaka wa, ba taya ba. Cooper S ta zo da ita don titi. A tsere da yawa suna cire ta saboda tana ɓoye jin inda taya ke shirin kullewa. In kuma injinka na da kam (camshaft) irin na tsere, iskar da busta ke zuƙa daga injin raguwa take yi, taimakon ya zama yau akwai gobe babu. Irin bustar da ake ɗaurawa gefe ma layi ɗaya take yi wa aiki, a tsarin layi biyu sai ka saka ta a gaba kaɗai, ta sake rikita rabon.

Malam Garba: Yanzu man birki, don a Legas shi ke fara ba da kunya. Ajujuwan man birki DOT 3, 4 da 5.1 duk suna shan ruwa daga iska, ta murfin tanki da ta jikin tiyon roba. Mafi ƙarancin zafin tafasar da ƙa'ida ta yarda da shi: DOT 3 sabo digiri 205, in ya sha ruwa 140. DOT 4, 230 da 155. DOT 5.1, 260 da 180. "Ya sha ruwa" a nan kashi 3.7 ne kacal cikin ɗari. A garin da damshin iska ke wuce kashi 80 da damina, lamba ta biyu ita ce taka, ba ta farko ba. Motul RBF 600 sabo yana wuce 300, da ruwa yana sama da 200 kaɗan. Castrol SRF da ruwa yana kai 270, shi ya sa yake da tsadar da yake da ita. ATE Typ 200 na tsakiya ne, 280 da 198, kuma ya ishi Mini.

Ƙa'idojin: kwalba sabuwa mai hatimi, ƙarama. Wadda aka buɗe ta kwana wata biyu a gareji ta zama ta kuloci. Lita ɗaya ta isa wanke layi duka. A canza gaba ɗaya farkon kakar tsere da bayan damina, a ɗan zubar da na cikin kalifa kafin kowace ranar tsere, don shi ne ya fi dahuwa.

DOT 5 na silikon kada ya ruɗe ka da lambarsa. Ba ya haɗuwa da sauran, feda na yin laushi da shi, kuma tunda ba ya shan ruwa, ruwan da ya shiga taruwa yake wuri ɗaya a ƙasan kalifa ya tafasa a digiri 100.

Oga Danlami: A ƙara da cewa ba a wanke cikin kalifa ko masta da fetur ko kananzir. Robar birki kumbura take yi da man ƙasa ko ɗigo ne, ta toshe ƙaramin ramin komawar mai a masta, birki ya riƙe da kansa yana zafi. Da man birki ake wankewa, ko sifirit. Ruwan sabulun da wasu ke zubawa a tanki don a lallaɓa a isa gida, ko sunansa kada a ambata kusa da wannan motar.

Sadiq: Yaya zan gane ko fad ne ya gaza ko mai?

Malam Garba: Ƙafarka za ta faɗa maka. Feda na da tauri yadda ka san ta amma mota ba ta tsayawa, ga warin ƙuna: fad ne ya wuce zafinsa. Feda ta yi laushi tana nutsewa, sai ka buga ta sau biyu uku: mai ne ya tafasa. Feda doguwa tun da sanyi kafin a fita: ko iska, ko diram na baya ba a matse shi ba.

Oga Danlami: Na ƙarshen nan shi ya fi yawa. Diram ɗin Mini ba ya daidaita kansa. Akwai ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a bayan faranti. Ka ɗaga ƙafar, ka saki hambirki, ka juya shi har taya ta ƙi juyawa, ka taka feda sau biyu takalman birkin cikin diram su zauna tsakiya, ka sassauta ɗaya-ɗaya har ta juya da ɗan gogawa kaɗan. Kowace safiyar tsere. Ka yi amfani da sifanarsa, ba filaya ba, in kusurwoyin suka cinye sai canjin faranti. Ka shafa wa zarensa giris mai jan ƙarfe, iskar teku ba ta barin irinsa. Ka duba kuma ɗan ƙarfen da wayar hambirki ke zagayawa a kan hannun ƙafar baya, yana daskarewa ya bar takalmi yana goga.

Wajen fitar da iska, nonon kalifa ya kalli sama. In ya kalli ƙasa, ka saka ta hagu a dama, kuma iska ba za ta taɓa fita ba. A fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. A buɗe bawul ɗin rabo gaba ɗaya, a taka a hankali, don bawul na rufe layin baya in aka buga feda da ƙarfi.

Hajiya Binta: Fad: ga mota mai wannan nauyin, Mintex M1144 ko Ferodo DS2500. Suna kamawa tun da sanyi kuma suna jure zafin gajeren tsere. Fad ɗin tsere zalla da aka yi wa manyan motoci sai ya kai zafinsa yake aiki, Mini mai sauƙi ba lallai ta kai shi can ba a zagayen farko, sai ya yi ta cin faifai yana ƙara. Takalman baya na gama-gari masu kyau sun isa, kada a saka masu kamu da yawa bayan duk wahalar da aka sha wajen rage baya. Ka yi odar fad saiti biyu da robobin kalifa da na silinda a kaya ɗaya. Man birki, bututu da noti za a iya nema a kasuwar Ladipo ko ta Trade Fair, amma kayan 7.5 daga waje za su zo. Fistin kalifa ka zaɓi na ƙarfen da ba ya tsatsa, na asali mai rufin kurom yana ɓarewa ya yanka roba in mota na zama kusa da ruwan gishiri.

Malam Garba: Bututu inci 3/16 na gaurayen jan ƙarfe da nikel, wanda ake kira kunifa. Jan ƙarfe zalla yana taurara da girgiza ya tsage a bakin noti. A ɗaure shi a jikin bodi duk bayan taku ɗaya, a bi da shi ta cikin mota in zai yiwu, nesa da salansa. Tiyo kuma mai saƙar waya irin na Goodridge, ba ya kumbura. Abu biyu game da shi: ba a matse shi da filaya don tsayar da mai, cikinsa murƙushewa yake, kuma a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, mota a ɗage da kuma a ƙasa, a tabbata bai taɓa taya ko shaf ba. Saƙar wayar kamar zarto take ga duk abin da ta goga.

Alhaji Tanimu: To na ji, a bar masa wili 10 ɗinsa. Amma sharaɗina ɗaya: a ba faifan iska, kuma a auna, kada a yi ta zato. A cire farantin ƙurar da ke bayan faifai. A jawo tiyon iska mai inci 2 daga ƙasan bamba zuwa tsakiyar faifai, ba gefe ɗaya na fuskarsa ba, don kada gefe ya huce gefe ya ƙone. Akwai fentin auna zafi na AP Racing da ake ɗigawa a bakin faifai: kore na canzawa a digiri 430, ruwan lemo a 560, ja a 610. In kore kaɗai ya canza, ka zauna lafiya. In ja ya canza ga iska ga fad mai kyau, lokacin ne za a koma maganata, ko a nemi faifai 7.9 mai ramukan iska da kalifar alminiyam da ake yi musamman don wili 10. Faifai mai huda-huda kuwa a bar wa masu kwalliya, daga bakin ramukan yake fara tsagewa. Mai zane-zanen tsagi ba laifi.

Injiniya Bala: Mun haɗu a nan, Alhaji. Saura taya, tunda ita ce mai tsayar da motar: a wili 10 akwai Yokohama A008 da A032R a 165/70. Ta biyun ta fi kamu a busasshe, kuma ƙarin kamu na nufin ƙarin nauyi zuwa gaba, don haka duk ran da ka canza irin taya sai ka sake saita bawul.

Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Tambaya ta ƙarshe: in an gama haɗawa, ta ina zan fara gwaji?

Oga Danlami: Kafin wili ya hau, ka wanke man kariyar da ke jikin sabon faifai, ka share fuskar farantin tas, ka ɗora agogon awo a faifai ka juya. Littafi ya yarda da kaɗawa har milimita 0.15, kai ka nemi rabin haka ko ƙasa. In ya wuce, ka kwance ka juya faifan zuwa wani ramin ka sake aunawa. Sannan ka danna feda da ƙarfi na daƙiƙa talatin mota a tsaye. In tana sauka a hankali, akwai yoyo ko masta na zubarwa ta ciki, ba inda za a je.

Zaunar da fad a fili ake yi, ba a gadar Third Mainland da asuba ba. Taku takwas zuwa goma daga kilomita 100 zuwa 20, matsakaici da farko kana ƙarawa, ba tare da tsayawa cak ba. Sai zagaye biyu uku ba ka taɓa birki ba don ya huce. In ka tsaya, kada ka riƙe feda kuma kada ka ja hambirki, a saka dutse a taya. Fad mai zafi da aka danne wuri ɗaya yana barin shatinsa a faifai, shi ne rawar da ake cewa faifai ya lanƙwashe.

Bayan ya huce sai rabo. Ka juya bawul zuwa mafi ƙarancin matsin baya. A miƙaƙƙiyar hanya, kilomita 60, ka taka har taya ta kulle, mutum ɗaya na tsaye gefe daga nesa yana kallon wace ce ta fara. Ka riƙa ƙara wa baya rabin juyi rabin juyi har ya zo daf da kullewa tare da gaba, sannan ka koma baya juyi ɗaya. Ka yi gwajin da tankin fetur kusan fanko, don tankin a but yake, kuma a ƙarshen tsere ne baya ya fi sauƙi. Ka ƙirga juyin daga ƙarshe ka rubuta da fenti kusa da bawul, ɗaya na rani ɗaya na ruwa.

Malam Garba: Ka sake duba babban notin gaba da na wili bayan fitar farko. Na wili 45 lb-ft ne kawai, kusoshin 3/8 ne, masu ɗaurewa da bindigar iska tsinka su suke yi.